Masu sassaƙa dutse da masu zane a kan ganye a ƙasar Indiya

Idan magini zai yi ɗaki a garinmu, daga ƙasa yake farawa. Zai haƙa tushe, ya jera tubali, ya ɗora wani bisa wani, har bango ya kai inda ake so. In ya ga wani wuri ya karkace, sai ya rushe shi ya sake. Laka ba ta ƙin gyara.

Amma akwai aikin da ba ya karɓar gyara. Ku dubi masassaƙin turmi. Shi ba ya ƙara kome a jikin icen, ragewa yake yi. In gizago ya zarce, turmi ya ɓaci ke nan. Saboda haka sai ya ga turmin a zuciyarsa tun kafin ya kai sara na farko.

A wannan darasi za mu je ƙasar Indiya, mu ga mutanen da suka yi irin aikin masassaƙi, amma da dutse. Za mu fara da babban abu, wato gini da aka fitar daga cikin tsauni. Za mu ƙare da ƙaramin abu, wato zane a kan ganye wanda bai fi tafin hannunku ba. Ku lura da kyau, za ku ga hali ɗaya ne ya yi su duka.

Ƙasar da addinanta

Ku nemi Indiya a taswira. Tana kudancin nahiyar Asiya. Ta fi Nijar girma sau biyu da rabi, kuma tun shekara ta 2023 ita ce ta fi kowace ƙasa ta duniya yawan jama'a. Akwai addinai da yawa a cikinta. Biyu daga ciki ne suka shafi darasinmu.

Na farko shi ne addinin Hindu. Cikin mutum goma na Indiya, wajen takwas shi suke bi. Mabiyansa suna da ababen bauta da yawa. Manya daga ciki su ne Shiba da Bishnu. Suna sassaƙa siffofinsu su ajiye a ɗakunan ibada.

Na biyu shi ne addinin Jaina. Mabiyansa ba su da yawa: a ƙidayar shekara ta 2011 sun kai wajen miliyan 4 da rabi. Za mu kira su Jainawa. Suna girmama manyan malamai 24 waɗanda suka ce su ne suka nuna wa mutane hanyar tsira. Na ƙarshensu shi ne Mahabira, wanda ya rayu wajen shekara 2,500 da suka wuce. Babbar dokar Jainawa ita ce kada a cuci kowane mai rai, ko da ƙwaro ne.

Babban ɗakin ibada irin na waɗannan addinai, haikali za mu riƙa ce masa. Duk shekarun da za mu ambata kuwa na lissafin bayan haihuwar Annabi Isa ne.

Yadda haikalin Hindu yake

Masallaci wuri ne da jama'a suke taruwa su yi sahu, shi ya sa ake yi masa faɗi a ciki. Haikalin Hindu ba haka yake ba. A wurin mabiyansa, gida ne na abin bauta, mutane baƙi ne da suke zuwa gaisuwa.

A tsakiyarsa akwai wani ɗan ɗaki mai kusurwa huɗu, mai duhu, ba taga, ƙofa ɗaya tak. Nan ake ajiye siffar abin bautar. Da harshensu sunan ɗakin yana nufin mahaifa, wato inda jariri yake kwanciya a cikin uwa. Bisa wannan ɗaki ake tayar da doguwar hasumiya, wadda ake kamanta ta da tsauni. Gabansa akwai zaure mai ginshiƙai inda masu ziyara suke tsayawa. Sukan kuma kewaya ɗakin, suna barin shi a hannunsu na dama.

Kafin a taɓa dutse ko ɗaya, sai babban magini ya share fili, ya nemi gabas da inuwar sanda, ya ja igiya. Zai zana babban murabba'i, ya raba shi ƙananan gidaje kamar na dara. Sau da yawa gida 8 sau 8 ne, wato 64, ko 9 sau 9, wato 81. Kowane bango da kowane ginshiƙi yana da gidansa. Su ma masu sassaƙa siffofi da awo suke aiki. Tsawon fuska shi ne ma'auninsu: da shi suke auna ƙirji, da hannu, da ƙafa.

Hasumiyar arewa da ta kudu ba iri ɗaya ba ne. Ta arewacin Indiya tana lanƙwasa a hankali har ta haɗe a bisa, kamar rumbu mai tsawo. Ta kudu kuwa hawa hawa take, kowane hawa ya fi na ƙarƙashinsa ƙanƙanta. Haikalin da za mu duba yanzu irin na kudu ne.

Haikalin da aka fara daga bisa

A yammacin Indiya, a jihar Maharashtara, akwai wani wuri da ake kira Elora. Wani dogon tsauni ne na baƙin dutse, irin wanda yake samuwa idan narkakken dutse ya fito daga cikin ƙasa ya daskare. Tsakanin wajen shekara ta 600 da ta 1000, mutane suka haƙa ɗakunan ibada a jikinsa. Akwai 34 da aka sa wa lamba, a jere, tsawon fiye da kilometir 2. Goma sha biyu na mabiya Budda ne, 17 na Hindu, 5 na Jainawa. Addini uku a tsauni ɗaya, ƙofa kusa da ƙofa.

Mai lamba 16 shi ne ya fi suna. Ana kiransa Kailasa, sunan wani tsauni mai ƙanƙara a ƙasar Tibet, inda ƴan Hindu suka ce Shiba yake zaune. Mafi yawan masana sun danganta aikin ga Sarki Kirishna na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga wajen 756 zuwa 773.

In kuka tsaya gabansa za ku ce gini ne. Yana da ƙofar shiga, da zaure, da bene, da matakala, da hasumiya. Amma babu dutse ko ɗaya da aka kawo aka ɗora. Dukansa dutse guda ne, kuma har yanzu gindinsa a haɗe yake da tsaunin da aka fitar da shi.

Yaya aka yi? Ma'aikata suka hau bisa tsaunin. Suka yi awo, suka ja layi. Daga nan suka fara haƙa manyan ramuka uku, ɗaya a dama, ɗaya a hagu, ɗaya a baya. Suka bar ƙaton dutse a tsakiya ba su taɓa ba. Wannan dutse na tsakiya shi ne zai zama haikali. Kayan aikinsu guduma ne da kurfi, wato ƙarfe mai kaifin baki da ake bugawa a bisa.

Masu haƙa suna sauka, masu sassaƙa suna bin su. Kan hasumiya aka fara gamawa, sa'an nan rufi, sa'an nan bango, gindi ne ƙarshe. Wannan dabara tana da amfani: ba a bukatar dogon tsani ko katakon hawa, domin dutsen da ba a haƙa ba tukuna shi ne abin takawa. Amma tana da haɗari. Wanda yake sassaƙa rufi dole ya san inda ginshiƙi zai tsaya can ƙasa, ko da sai bayan shekaru za a kai wurin. In ya cire dutsen da ya kamata ya bari, ba mai iya mayar da shi.

Mun tabbatar daga bisa ake farawa domin akwai ayyukan da aka bari ba a gama ba. A ƙauyen Kalugumalai, can kudancin Indiya, akwai wani ƙaramin haikali na wannan zamani. Kansa ya sha ado har an goge, amma gindinsa ɗanyen dutse ne, kamar jiya ma'aikata suka ajiye guduma.

Ga girman Kailasa. Filin da aka haƙa ya kai wajen metir 82 a tsawo, 46 a faɗi, wato ya ɗan fi rabin filin ƙwallo. Hasumiyar ta ɗan wuce metir 30. Ta fi hasumiyar masallacin Agadas, mai metir 27. Masana sun ƙiyasta an kwashe dutse wajen ton 200,000. In kamyo ɗaya yana ɗaukar ton 10, sai an yi sawu 20,000. Su kuwa ba su da kamyo.

Gindin haikalin jerin giwaye ne da zakuna, kamar su suke ɗauke da shi a bayansu. A fili akwai dogayen ginshiƙai biyu da giwaye biyu, kowanne a tsaye shi kaɗai. Su ma ba kawo su aka yi ba, barin su aka yi. Akwai wani ɗaki daban na bijimin da Shiba yake hawa, an haɗa shi da babban zaure da gada ta dutse. A dā an shafe ginin da farar ƙasa an yi masa launi. Har yanzu ana ganin ragowar launin a wasu wurare.

Siffofin da ke jikin bango labari suke bayarwa, domin wanda bai iya karatu ba ya gani ya gane. Akwai ɗaya da ta fi suna. Wani azzalumin sarki mai kai goma, Rabana, ya shiga ƙarƙashin tsaunin Kailasa yana girgiza shi da hannuwansa masu yawa. A bisa, matar Shiba, Parbati, ta tsorata ta kama hannun mijinta. Wata baiwa ta juya tana gudu. Shi kuwa Shiba yana zaune abinsa, ya danne tsaunin da ƙafa. Masassaƙin ya haƙa bayan siffofin da zurfi, domin inuwa ta fito da su. Tsoro, da ƙarfi, da natsuwa, duk ya nuna su a dutse guda.

An sami wani rubutu a kan faranti na tagulla, na wajen shekara ta 812, wanda ya ba da labarin wannan haikali. A cikinsa an faɗi cewa shi kansa maginin ya yi mamakin yadda aikin ya fito daga hannunsa.

Jainawa da siffofinsu

Siffofin Hindu suna da motsi: rawa, da yaƙi, da hannuwa da yawa. Na malaman Jainawa 24 ba su da motsi ko kaɗan. Ko dai malamin yana zaune ya tanƙwashe ƙafa, hannu bisa hannu, ko yana tsaye miƙe, hannuwa a sake. Ba makami, ba fushi, ba dariya. Ana so a nuna mutumin da ya rinjayi zuciyarsa, ba ya son kome, ba ya ƙin kome.

Da yake duk kamanninsu ɗaya, da alama ake rarrabe su. Na farko, Rishaba, alamarsa bijimi. Na 23, Parshwa, gamsheƙa ce take yi masa laima da kawunanta. Mahabira kuwa zaki ne alamarsa.

A kudancin Indiya, a garin Sharabanabelagola, akwai siffar Bahubali, ɗan Rishaba, a bisa wani tudu. Ita ma daga dutse guda aka sassaƙa ta, wajen shekara ta 981. Tsawonta ya kai metir 17. Labarin ya ce ya tsaya yana tunani wuri ɗaya, bai motsa ba, har tsiro mai yaɗo ya nannaɗe ƙafafunsa. Masassaƙin ya nuna wannan yaɗo yana hawa har hannuwa.

Saboda dokar nan ta kada a cuci mai rai, Jainawa da yawa suka kauce wa noma, domin garma tana kashe ƙwarin ƙasa. Sai suka kama fatauci da ba da rance. A yammacin Indiya, a ƙasashen Gujarat da Rajastan, wasunsu suka yi arziki ƙwarai, wasu har suka zama waziran sarakuna. Suka riƙa kashe dukiyarsu a kan abu biyu: gina haikali da rubuta littafi.

Farin dutse na Dilwara

Yanzu mu koma arewa maso yamma, mu hau Dutsen Abu a Rajastan. Tsawonsa a inda gari yake ya kai wajen metir 1,200 bisa teku. A nan, a wurin da ake kira Dilwara, Jainawa suna da haikali biyar. Biyu ne suka fi suna. Na farko Bimal Shah ne ya sa aka gina shi, wajen shekara ta 1031. Shi wazirin Sarki Bima na Ɗaya ne na Gujarat. Na biyu wasu wa da ƙane ne, Bastupala da Tejapala, suka gina a shekara ta 1230. Su ma wazirai ne.

Waɗannan ba daga cikin tsauni aka fitar da su ba. Gina su aka yi da wani farin dutse mai santsi da sheƙi, wanda aka fasa a wani wuri aka hau da shi tsaunin. Daga waje ba su da wani kyau, bango ne kawai. Sai mutum ya shiga ciki.

A ciki babu inda kurfi bai taɓa ba. Ginshiƙai, da bakin ƙofa, da rufi, duk furanni ne, da giwaye, da dawaki, da makaɗa, da masu rawa. A haikalin Bimal akwai ƙananan ɗakuna fiye da 50 kewaye da fili, kowanne da siffar malami a ciki, kuma rufin da ke gaban kowane ɗaki da irin adonsa.

Abin da ya fi ba da mamaki shi ne ƙubbar tsakiyar zaure. An jera duwatsu a kewaye kamar zobe. Aka ɗora wani zobe a bisa, wanda ya ɗan leƙo ciki. Aka ɗora wani kuma wanda ya ƙara leƙowa. Haka har ramin ya rufe. Nauyin kowane zobe shi ke danne na ƙarƙashinsa. Daga tsakiya wani dutse ya rato ƙasa, an sassaƙa shi kamar furen bado da ya buɗe, ganye cikin ganye. Kewaye da shi akwai siffofin mata 16, waɗanda Jainawa suke ɗauka masu kula da ilimi ne.

In dutse ya yi siriri haka, bugu ɗaya na guduma zai fasa shi. Sai a koma kankara da gogewa, kaɗan kaɗan. Mutanen wurin suna ba da labari cewa ana biyan masassaƙa gwargwadon nauyin garin dutsen da suka kankaro, domin su ƙara sirantar da aikin. Labari ne na baka, amma wanda ya ga rufin zai gane dalilin da ya sa ake ba da shi. Hausawa sun ce mai haƙuri yakan dafa dutse ya sha romonsa.

A shekara ta 1311 sojojin sarkin Delhi suka ɓata wani sashe na waɗannan gine-gine. Bayan shekara goma wasu attajiran Jainawa suka gyara. Har yau ana ibada a cikinsu.

Littafi na ganye

Abu na biyu da attajiran suka kashe wa dukiya shi ne littafi. A wurinsu, wanda ya biya aka kwafi littafin addini ya ba malamai, ya yi babbar sadaka.

A wancan zamani takarda ba ta wadata a Indiya ba. A kan ganye ake rubutu. Suna da itatuwa dangin giginya da goriba, masu dogon ganye. Sai a yanko ganyen tun yana ɗanye, a dafa shi, a shanya a inuwa, a goge shi da dutse mai santsi ko wuri har ya yi sumul. A yanka shi daidai, dogo siriri. Faɗinsa bai cika wuce santimetir 5 ko 6 ba. A huda kowane ganye, a zura zare, a sa katako biyu, ɗaya bisa ɗaya ƙasa, a ɗaure. Littafi ya samu.

A kudancin Indiya da tsinken ƙarfe ake karta ganyen, sa'an nan a shafa baƙi ya shiga cikin kartar. A yamma kuwa da alƙalami da tawada ake rubutu. Tawadarsu ta yi kama da ta makarantar allo: kunkunniyar fitila ce ake haɗawa da ƙaro da ruwa. Sai dai allo ana wanke shi a sake. Ganye ba a wanke shi.

Tun ƙarni na 11 Jainawa suka fara sa zane a waɗannan littattafai. Mutum biyu ne suke aikin. Marubuci ne yake farawa. In ya zo inda za a sa zane, sai ya bar fili mai kusurwa huɗu, ya rubuta a gefe abin da za a zana. Kun ga shi ma ya yi kamar mai haƙa Kailasa: ya san abin da zai bari tun kafin a zo kansa. Daga baya mai zane ya karɓa. Zai fara fitar da siffa da jan layi, ya cika launi, sa'an nan ya bi gefe da baƙin layi siriri, da ja ɗaya, ba tare da hannu ya yi rawa ba.

Launukan daga ƙasa da tsirrai suke. Ja daga wani jan dutse da ake niƙawa. Fari daga alli ko ƙonannen ɓawon katantanwar teku. Shuɗi daga baba, irin wanda marina suke amfani da shi, ko kuma daga wani shuɗin dutse mai tsada da fatake suke kawowa daga tsaunukan Afganistan. Kowane launi da ƙaro ake kwaɓa shi domin ya kama.

Littafin da aka fi yi wa zane shi ne Kalpasutra, mai ba da tarihin Mahabira da malaman da suka gabace shi. Da damina malaman Jainawa ba su tafiya, don kada su taka ƙwarin da ruwa ya fito da su. Sukan zauna gari ɗaya wata huɗu. A cikin wannan lokaci akwai wani biki na kwana 8 da ake karanta littafin a gaban jama'a, ana ɗaga shafi a nuna musu zanen. Wanda aka fi so shi ne na Sarauniya Tirishala, uwar Mahabira. Tana kwance a gado, bisa kanta an jera abubuwa 14 da ta gani a mafarki kafin ta haife shi. A ciki akwai giwa, da bijimi, da zaki, da wata, da rana, da tafki mai bado, da wuta marar hayaƙi.

In kuka ga irin wannan zane sau ɗaya, ba za ku manta da shi ba. Bayan mutanen ja ne wur. Hanci dogo mai tsini, ƙugu siriri, tufafi masu ado. Fuskar ta juya gefe, amma idon da ya kamata ya ɓuya a bayan hanci bai ɓuya ba: ya fito waje, yana rataye a sarari. Wasu masana suna ganin an kwaikwayi siffofin haikali ne, waɗanda ake liƙa wa manyan idanu masu ƙyalli da suke fitowa daga fuska.

Da takarda ta zo

Wajen ƙarshen ƙarni na 14 takarda ta maye gurbin ganye a yammacin Indiya. Shafi ya ƙara faɗi, ya kai wajen santimetir 11 da 26. Mai zane ya sami fili. Aka fara zuba zinariya da shuɗi mai tsada, wani lokaci har rubutun da ruwan zinariya ake yi. Akwai sanannen kwafin Kalpasutra da aka yi a garin Mandu a shekara ta 1439, da wani a Jaunpur a 1465.

Amma ga wani abin lura. Littafin takarda bai bukatar zare, duk da haka marubuta suka ci gaba da ɗiga jan ɗigo a daidai inda ake huda ganye a dā. Suka kuma bar shafin dogo a kwance, kamar ganye. Sabo ya fi ƙarfin dalili.

Mabiya Hindu ma suka yi wa nasu littattafan zane. Wanda suka fi zanawa shi ne Kirishna, ba sarkin nan na Elora ba, wani abin bautarsu ne da suke nunawa da shuɗin jiki yana kiwon shanu yana busa sarewa. A zanen da aka yi tsakanin wajen 1520 da 1540, idon nan mai fitowa waje ya ɓace, fuska ta juya gefe sosai. Daga baya Sarki Akbar, Musulmi, wanda ya yi mulki daga 1556 zuwa 1605, ya tara masu zane na Indiya a fadarsa, ya haɗa su da gwanaye daga Farisa. Daga wannan haɗuwa wani sabon salo ya fito.

Yadda suka kawo yau

Dutse yana jure rana da ruwa. Ganye kuwa abokan gabansa da yawa: gara, da ɓera, da laima, da wuta. To, yaya ganyen da aka rubuta shekara 900 da suka wuce ya kawo yau?

Jainawa sun yi ɗakunan ajiyar littattafai a jikin haikalinsu. Mafi suna su ne na garin Patan a Gujarat, da na Jaisalmer a cikin hamadar Rajastan, inda aka ɓoye littattafan a wani ɗaki na ƙarƙashin ƙasa. Busasshiyar iskar hamada ta taimaka. Ana naɗe kowane littafi da ƙyalle a sa a akwati. Mutanen Indiya sukan sa busasshen ganyen dogon yaro don korar ƙwari. Wannan itace da ke ba mu inuwa a filin lakwal, asalinsa daga can yake. Kowace shekara kuma akwai ranar da Jainawa suka keɓe don girmama ilimi: a fito da littattafai, a kakkaɓe, a duba wanda ya lalace. In ganye ya tsufa, a sake kwafarsa.

A shekara ta 1983 hukumar UNESCO ta sa Elora cikin jerin kayan tarihin da duniya duka za ta kiyaye. Mun san sunan sarakuna da waziran da suka biya kuɗin waɗannan ayyuka. Dubban mutanen da suka riƙe guduma da alƙalami kuwa, mafi yawansu ba su bar suna ba. Abin da suka bari shi ne aikin, kuma aikin ya nuna yadda suka yi shi: sun auna kafin su sara, sun raba aiki kowa da nasa, kuma wanda ya fara ya yi tunanin wanda zai gama.

Tambayoyi

1. Mene ne bambancin aikin magini da na masassaƙi?
2. Me ya sa masu aikin Kailasa ba su bukaci dogon tsani ba?
3. Wace shaida ta nuna cewa daga bisa ake fara irin wannan aiki?
4. In kamyo yana ɗaukar ton 25, sawu nawa zai yi ya kwashe ton 200,000?
5. Da me ake rarrabe siffofin malaman Jainawa?
6. Me ya sa aka ci gaba da sa jan ɗigo a littafin takarda?

Aikin yi

Ku samo busasshen curin yumɓu ko guntun sabulu. Ku zana ɗan ɗaki a cikin kayenku tukuna. Sa'an nan ku sassaƙa shi, ku fara daga rufi, ba tare da kun liƙa kome ba. In kun gama, ku gaya wa malam inda kuka fi shan wuya.